Sankarar Hanta Ba Ta Sallama

Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ba ranar sankarar hanta ta fara ba. Ta yi shekaru tana rarake gida kamar gara. Cikin kowace ƙwayar halittar hanta akwai ɗaruruwan ƙananan murahu da masana ke kira maitokondiriya, su ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana fitar da wani furotin, HBx, da ke hargitsa waɗannan murahu, sai su riƙa tartsatsin sinadaran da ke cin hantar daga ciki. Ɓarnar ba ta tsayawa nan. Ƙwayoyin gadonmu tamkar littafi ne, kuma jiki yana da alamomin da yake ɗorawa don rufe wani shafi ko buɗe shi, ba tare da an goge rubutun ba. Wasu kayan aikin sarrafa alamomin daga murahun nan suke fitowa. Da murhu ya lalace, ga HBx yana ingizawa, sai a rufe shafuka irin su p16, wanda shi ne birkin da ke hana ƙwayoyi hayayyafa barkatai.

Ga kuma gubar afalatoksin, wadda funfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka kai rumbu ba su bushe ba. Ita kam rubutun kansa take ɓatawa, a ƙwayar gadon TP53, kamar yadda aka gani a majinyata a Gambiya da Sin. Tafasa ba ta kashe ta, suyar ƙuli-ƙuli ma haka. In ta tarar da ciwon hanta nau'in B a jiki, haɗarin sankarar yakan ninka sau da yawa.

Wani zai ce tunda rufe shafin p16 kawai aka yi, ai magani zai buɗe shi. Akwai ƙamshin gaskiya: magungunan da ke cire irin waɗannan alamomi suna aiki a wasu cututtukan bargo da jini, amma ba a amince da su don sankarar hanta ba, balle jiƙe-jiƙen da masu lasifika ke talla a tasha, waɗanda wasunsu ƙara wa hanta nauyi suke yi. Wani kuma zai ce lafiyarsa ƙalau, me ya kai shi gwaji? Ai ciwon nau'in B yakan kwanta shiru shekaru ashirin ko talatin, galibi tun ƙuruciya aka ɗauke shi. Gwajin jini ke tona shi, kuma magani irin su tenofobir yana danne shi. Tun 2004 Najeriya ta sanya rigakafinsa cikin alluran yara, ta farko kuwa cikin awa 24 da haihuwa ake son yin ta, ko da a gida aka haihu, ba sai bayan suna ba.