Rabon Arzikin Ƙasa: Wa Ke Riƙe da Littafin Lissafi?

A shekarar 1946 manoman gandun Jazira na Sudan suka yi rantsuwa cewa ba za su shuka auduga ba sai an ba su kuɗinsu. Labari ya iso musu cewa asusun ajiya da ake yanka daga kasonsu shekara da shekaru, wai don ranar da kasuwa za ta faɗi, ya tara fam miliyan 1.3. Turawa suka ce kuɗin na ranar wuya ne, manoma suka ce ai wuyar suke ciki. Da aka ga damina na neman wucewa gonaki na zaune, aka fitar da fam dubu 400 aka raba musu. Daga wannan yajin ne ƙungiyar manoman Jazira ta samo tushe.

Na tuno da wannan ne saboda hira da ake yi yanzu a ƙauyukan Hausawa na bakin Nilul Azraƙ, daga Maiwurno har Abu Na'ama, kan abin da zai biyo bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023: wa zai gyara magudanan ruwa, wa zai biya malamai, ina kuɗin da ake karɓa a kan hanya yake zuwa. Tambayar manoman 1946 ce ba ta mutu ba. Arzikin da ƙasa ke fitarwa, nawa ne na gwamnati, nawa ne na ajiya, nawa ne zai shiga aljihun wanda ke zaune a kanta?

Sudan ta riga ƙasashe da yawa gwada amsa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka kafa noman Jazira bisa tarayya ta mutum uku. Gwamnati ta kawo ruwa da ƙasa, kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ya kawo jari da shugabanci, manomi ya kawo ƙarfinsa a kan hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa. Idan an sayar da auduga aka cire kuɗin ɗawainiya, ribar da ta rage ana kasa ta: kashi 40 cikin 100 na gwamnati, 40 na manoma, 20 na kamfani. A 1950 kamfanin ya tattara ya tafi, hukumar gandun Jazira mai hedkwata a Barakat ta gaje shi. Daga baya aka ware kashi 2 cikin 100 don raya ƙauyuka, kuma da shi aka haƙa rijiyoyi, aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. Da aka ƙara faɗin Manaƙil, gandun ya haura fadan miliyan 2, auduga ta zama ita ce ke ɗauke da baitulmalin ƙasar baki ɗaya.

Tsarin yana da kyau a takarda. Aibinsa guda ne, amma babba: mai riƙe da littafin lissafi shi ne mai sayar da audugar, shi ne kuma mai faɗin nawa aka kashe. Manomi ba ya ganin komai sai abin da aka miƙo masa a ranar biya. A watan Fabrairun 1956, ƙasar ba ta cika wata biyu da samun 'yanci ba, manoman gandun Joda da ke bakin Farin Nilu kusa da Kosti suka nemi a nuna musu lissafin audugarsu. Aka kama su aka cusa a ɗaki guda aka kulle, kusan mutum 200 suka mutu saboda rashin iska. A 1981 aka soke asusun tarayya a Jazira, kowane manomi ya koma biyan kuɗin ruwa da na ƙasa shi kaɗai. Dokar gandun ta 2005 ta ce kowa ya shuka abin da ya ga dama, ta ɗora kula da ƙananan magudanai a wuyan ƙungiyoyin manoma da ba su da injin yashe laka. An yi mata gyara a 2014, amma har yau manoma na kiran a kawo sabuwa.

Akwai kuma waɗanda sunansu bai taɓa shiga littafin ba, kuma nan ne maganar ta zo gida. Hausawa da Fulani da Barebari sun zo ta hanyar hajji tun da daɗewa, wasu kuma suka biyo Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Su da mutanen Darfur ne suka tsinci audugar nan. Wanda ya taɓa ganin lokacin tsinta ya san yadda abin yake: mata da yara sun shiga gona tun raɓa ba ta bushe ba, yatsu duk sun tsage da ƙayar kwanson auduga, da yamma a kai kwando wurin awo a karɓi ladan yini. Ladan yini ke nan, ba rabon riba ba. Da yawansu har gobe suna zaune a kambo, unguwannin leburori da ke gefen magudanai, inda mutum zai haifi ɗa ya ga jika ba shi da takardar filin da ɗakinsa ke kai. Kashi 2 cikin 100 na raya ƙauyuka bai cika isa can ba, don a idon hukuma kambo ba ƙauye ba ne.

A can wani gefen duniya akwai jihar da ta ɗauki wannan tambaya ta mayar da ita doka. Alaska, jihar Amurka mai ƙanƙara da man fetur, mutanenta ba su kai dubu 750 ba. A 1976 suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundin tsarin mulkin jihar, suka ce aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin da kamfanoni ke biya kan ma'adinai ya shiga asusu na dindindin wanda ba a taɓa uwar kuɗinsa, sai dai a juya shi a ci riba. Gwamna Jay Hammond ya dage cewa a riƙa ba kowane mazauni wani abu daga ribar, don a ganinsa mutum ba ya tsaron dukiyar da ba ya ɗanɗana. Aka fara a 1982 da dala 1,000 kowane kai. A 2024 asusun ya kai kimanin dala biliyan 80. Sharaɗin samun rabo shi ne ka cika shekara guda kana zaune a jihar da niyyar ci gaba da zama. Jariri na samu, tsoho na samu, wanda ya zo daga wata jiha bara waccan na samu. Ba a tambayar inda kakanka ya fito.

Kada a ɗauka can ma lafiya ake rabuwa. Da farashin mai ya faɗi, Gwamna Bill Walker ya yanke rabin kuɗin rabon a 2016, kowa ya tashi da dala 1,022. Aka kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta ce a 2017 rabon ba shi da wata kariya ta musamman, dole ya yi gogayya da makarantu da hanyoyi a cikin kasafi. A 2018 majalisa ta yi dokar da ta ƙayyade abin da za a ciro daga asusun a shekara, wanda yanzu yake kashi 5 cikin 100 na darajarsa, a raba tsakanin aikin gwamnati da aljihun jama'a. Tun daga nan duk zaman majalisa a Juneau sai an kai ruwa rana. A 2022 an biya dala 3,284, a 2023 dala 1,312, a 2024 dala 1,702, a 2025 ya dawo dala 1,000. Jihar ba ta karɓar harajin albashi, don haka duk dalar da aka ƙara wa rabo daga bakin wata makaranta aka ciro ta. Abin lura dai shi ne rigimar a fili ake yinta. 'Yan majalisa 60 ne, kowanne an san yadda ya kaɗa ƙuri'a, kuma mai gidan da aka rage masa kuɗi yana jiran sa ranar zaɓe.

Sudan ta ɗan leƙa wannan hanya a 2021. Bayan an cire tallafin mai, an kuma karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya a watan Fabrairu, gwamnatin Abdalla Hamdok ta ƙaddamar da shirin Samarat: kwatankwacin dala 5 a wata ga kowane mutum, da burin kaiwa ga kashi 80 cikin 100 na jama'a, da kuɗin Bankin Duniya da ƙasashe masu ba da agaji. Dala 5 ba ta kai ta kawo ba a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100, amma gida mai mutum goma ya san ya karɓi wani abu. Sai dai kuɗin na baƙi ne, ba ribar wani asusu na ƙasa ba, kuma babu dokar majalisa da ta ɗaure shi. Sojoji suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba, masu kuɗi suka rufe jaka, shirin ya tsaya. Ko kafin ya tsaya, rajista na neman lambar ɗan ƙasa, kuma wannan tsohon ciwo ne ga Hausawan Sudan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897, ga shi jama'ar Maiwurno bayan 1903 suka iso. An sassauta sharaɗin daga baya, dokar 1994 ta dawo da shi 1956, amma ɗabi'ar tagar ofis ba ta bin doka da sauri. Har yanzu akwai mai jin sunan ƙabila ya ce a kawo ƙarin shaidu.

Alkawarin rabo kam ba a rasa shi ba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta ba jihohi masu mai kashi 2 cikin 100 na kuɗinsa. Yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta ba Nilul Azraƙ da Kordofan ta Kudu kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigar da ke fitowa daga ƙasarsu har shekara goma. Abin da aka rasa shi ne wurin da za a tsaya a tambayi ina kuɗin. An rushe majalisar ƙasa da na jihohi ranar da Umar al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019. Kundin riƙon ƙwarya na watan Agustan shekarar ya ce a kafa majalisa mai kujeru da ba su wuce 300 ba cikin kwana 90. Ba a kafa ta ba. Majalisar mulki da ta ministoci suka riƙa haɗuwa su zartar da kasafi da dokoki, wato mai kashe kuɗin shi ne mai amincewa da kashewar. Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba, Sinja, hedkwatar jihar Sinnar, a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba, Madani kuma a Janairun 2025.

Abu Na'ama tana jihar Sinnar, kudu da Sinja, don haka kashi 40 na Juba bai shafe ta ba. Amma ba garin da za a ce ba ya kawo komai ba ne. Nan aka kafa tashar binciken noma, nan aka gina masana'antar rama don yin buhuna, nan tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar take. Daga filayen yankin ake fitar da riɗi da dawa da ƙaro. Motar riɗi kafin ta isa kasuwa ta tsaya a shinge fiye da ɗaya, ga zakka, ga kuɗin ƙaramar hukuma, ga na jiha, direba na tara rasit a gaban mota kamar mai tara ganyen magani. Kuɗi na fita ke nan kullum. Manomin da ya biya ba shi da wata takarda da zai duba ya ga jimillar abin da aka tara a bana da abin da aka yi da shi.

Ni a ganina ba cakin Alaska ne Sinnar ke buƙata ba tukuna. Jihar da asibitocinta suka sha wawaso ba ta da rarar da za ta raba hannu da hannu, kuma duk ɗan siyasar da ya yi wannan alkawari yanzu yaudara yake yi. Abin da za a iya tun yau ba ya cin kuɗi. A dawo da majalisun jihohi na zaɓe, a wajabta buga kasafi da abin da aka tara a kowace ƙaramar hukuma, a liƙa shi a ƙofar kasuwa. A rubuta cikin doka kason da zai tsaya a inda aka noma amfanin. Sama da duka, a ce mazauni shi ne wanda ke zaune, kamar yadda Alaska ta yi, don rikicin da ya fara a Yulin 2022 a Nilul Azraƙ, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka ya kori dubban Hausawa daga gidajensu, a kan wannan tambayar ya tashi: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo.

Sarakunanmu da malamanmu da matasan da suka yi karatu, kada ku jira a gama rubuta dokokin sannan ku zo kuka. A tabbata kowane yaro da kowace mace a gida suna da lambar ɗan ƙasa, a adana rasit ɗin da aka biya, a kuma tsayar da mutanen da za su nemi kujera ranar da aka buɗe majalisar Sinja.