"Mu" da "Su" a Iyakar Bagudo

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran jama'ar da mutum yake ɗaukar kansa ɗaya daga cikinsu rukunin ciki, saura kuwa rukunin waje, kuma Henri Tajfel da John Turner sun bayyana a 1979 cewa mutum yakan fifita nasa ko da bambancin bai taka kara ya karya ba. A Bagudo ta Jihar Kebbi, inda iyakar da Ingila da Faransa suka shata a 1898 ta bar Dandawa da Kyangawa a ɓangarori biyu, Najeriya da Benin, rukunin ciki yakan sauya da yanayi: mutumin garin Lolo ko Tsamiya ɗan Najeriya ne a gaban jami'in kwastan, amma a kasuwa ko gidan biki harshe da zumunci sukan haɗa shi da ɗan'uwansa na Benin.