Zafin taya: Darasin da wasannin tseren mota na kwamfuta ke ba direbobin hanyar Kudu

Tirelar da ta ɗauko shanu ko albasa daga Arewa takan shafe ɗaruruwan kilomitoci tana gurzar kwalta kafin ta sauke kaya a Inugu ko Anacha ko Fatakwal. Direba na jin ƙarar inji, yana kuma ganin ma'aunin mai da na zafin ruwa a gabansa. Abin da ba ya gani shi ne halin da tayoyinsa ke ciki, alhali a kansu ransa da dukiyar fataken da suka yi masa lodi suka rataya.

Inda ake ganin wannan ɓoyayyen al'amari ƙuru-ƙuru shi ne wasannin tseren mota na kwamfuta, irin su Gran Turismo da kamfanin Polyphony Digital na Japan ya fara fitarwa a 1997, da iRacing na Amurka da ya fito a 2008, da Assetto Corsa na Italiya da ya biyo baya a 2014. Masu ƙirƙirar waɗannan wasanni sun daɗe da gane cewa komai ƙarfin inji, taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, saboda haka a kanta suka fi zuba lissafi.

Tushen lissafin ya fito ne daga masana'antar mota ta gaske. A shekarun 1980, Farfesa Hans Pacejka na Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, tare da abokan aikinsa, ya fitar da wani tsarin lissafi da ke bayyana yadda taya ke kama hanya yayin kwana da taka birki. Wasanni da dama sun ginu a kansa. Daga bisani wasu, kamar iRacing, suka koma kwaikwayon robar kanta: yadda take lanƙwashewa, da ɗaukar zafi, da cinyewa.

A cikin irin wannan wasa, allo kan nuna zafin taya a wuri uku, wato gefen ciki da tsakiya da gefen waje, cikin launuka. Shuɗi alamar sanyi ne, kore daidai, ja kuwa haɗari. Wasu ma sukan bambanta zafin fatar taya, wanda ke hawa da sauka cikin daƙiƙoƙi, da zafin cikinta, wanda ke taruwa sannu a hankali kuma ba ya saurin hucewa. Tayar motar tseren Formula 1 ta fi kama hanya idan zafinta ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ya wuce kima, sai roba ta fara kumbura tana ɓarewa. Idan kuma ɗan wasa ya danne birki har taya ta daina juyawa, kwalta kan kankare wuri guda ya baje, sitiyari ya kama rawa.

Tayar tirela ba a yi ta don ta jure zafin fagen tsere ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Duk juyin da taya ta yi, gefenta na lotsawa yana miƙewa, wannan motsi kuma shi ke haifar da zafi. Idan iska ta yi ƙaranci, ko lodi ya fi ƙarfinta, lotsawar na ƙaruwa, zafin na taruwa a ciki har ya raba roba da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. Daga nan fashewa ce ta rage. Gudu da zafin kwalta da tsakar rana na ƙara rura wutar, haka ma doguwar gangara irin ta Ugwu Onyeama, tsakanin mahaɗar 9th Mile da Inugu, inda birki ke ɗaukar zafi ya miƙa wa ƙarfen taya.

A nan ne wani kuskure ke shigowa. Iskar taya na hawa idan ta yi zafi. A ƙaramar mota, kusan maki ɗaya a gejin mai faci duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri biyar zuwa shida. Wanda ya auna a tsakiyar tafiya ya ga ta hau, sai ya sace iskar da nufin kauce wa fashewa, alhali ya ƙara kusanto ta ne, domin tayar za ta ƙara lotsawa ta ƙara zafi. Ƙa'ida ita ce a auna da safe, kafin mota ta motsa.

Yadda zanen taya ke cinyewa shi ma saƙo ne, daidai da launuka ukun nan na allo. Idan tsakiya ya riga sulɓewa, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne, ta yi kaɗan. Idan gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafafun mota ya goce.

Sai dai akwai abin da ɗan wasa ba ya fama da shi: kullum sabuwar taya yake samu kyauta. Direban gaske kuwa kasuwa zai je, ko ta Nkpor kusa da Anacha, ko Ikoku a Fatakwal, ko Coal Camp a Inugu. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, Najeriya ta koma dogaro da tayoyin waje. Tsadar sabuwa na tura mutane ga ta hannu, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin kayan da aka haramta shigowa da su.

Roba na tsufa ko da zanenta na nan daram. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankalin direbobi cewa kada a yi amfani da tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa.

A wasa, idan taya ta fashe, maɓalli ɗaya ake latsawa a sake tsere daga farko. A hanyar Inugu zuwa Fatakwal babu wannan maɓalli. Geji, da duba lambar shekara, da lodi daidai ƙarfin mota, da tsayawa taya ta huce, su ne allon da direba yake da shi.