Tayil Mai Matsakaicin Sheƙi Ya Fi Dacewa da Gidajen Zongon Kumasi

Duk wanda ya leƙa sababbin gine-gine a Aboabo ko Asawase zai ga tayil yana maye gurbin daɓen siminti, kuma ido ya fi karkata ga mai ƙyalli kamar madubi. Akwai gyara a wannan zaɓi. Wanda 'yan kasuwa ke kira satin, mai laushin fuska da ɗan sheƙi kaɗan, shi ya fi dacewa da falo da ɗakin kwana. Kumasi tana ganin damina sau biyu a shekara, jar ƙasa tana bin takalmi har ƙofa, daga Disamba kuma ƙurar hunturu ta sauka. Mai ƙyalli ba ya rufa wa gida asiri, sawun yaro guda ya isa ya tona shi. Ga alwala kullum: dattijon da ya ajiye buta ya tako da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsi na iya kai shi asibiti.

Wani zai ce mai ƙyalli ya fi haska ɗaki, musamman a gidajen haya masu ƙananan tagogi. Gaskiya ne, amma satin mai launin madara yana ba da haske isasshe ba tare da kashe ido ba. Wani kuma zai ce a ɗauki mai kaushi a huta. Wannan wurinsa banɗaki da tsakar gida, inda ruwa ba ya yankewa, kuma can satin bai isa ba. A cikin ɗaki kuwa kaushi riƙe datti yake, mai goge-goge ta sha wahala.

Wajen saye, a duba kwali. Tayil na fosilin ba ya shan ruwa fiye da kashi 0.5 cikin ɗari, alamar R10 kuma ta fi R9 riƙe ƙafa. A tabbata lambar rukuni ɗaya ce a duk kwalayen, don launi kan saɓa, sannan a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa. Kulawarsa ba wuya: a share yashi kafin a sa ruwa, domin yashi ke karce shi, a goge da sabulu kaɗan, a guji asid, wanda ke cinye simintin tsakanin tayil. Mai gida, kafin ka biya sidi ko ɗaya, yayyafa wa tayil ɗin ruwa ka murza da tafin hannu, ka tuna da tsofaffi da yaran da za su taka shi.