Daga Safo zuwa Maradi: Nawa neman amsa ɗaya kan haƙƙin ma'aikaci ke ci?

A ƙaramar hukumar Safo da ke gundumar Madarunfa, duk wanda ya buɗe gidan burodi ko makarantar kuɗi ya ɗauki ma'aikata, doka ta ɗora masa nauyin yi musu rajista a asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, yake kuma kula da fansho, kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki a Nijar.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Mai aiki yana zuba kashi 16.4 cikin 100 na albashi, a cire wa ma'aikaci kashi 5.25. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Ke nan a kan wannan albashi mai aiki zai zuba sefa 6,888 a wata, ma'aikaci kuma 2,205.

Abin da ke da wuyar lissafi shi ne wahalar neman bayani. Ma'aikacin damina kaɗai yana cikin tsarin? Wa zai biya mai jego a hutunta na mako 14? Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta bai wa sufetocin ƙwadago aikin ba da shawara, sai dai ofishinsu da na CNSS suna cikin birnin Maradi. Mai tambaya zai rufe sana'arsa, ya biya kuɗin kabu-kabu, ya nemi mai rubuta masa wasiƙa da Faransanci, duk da cewa kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Shi ma ma'aikaci yana da nasa kayan. Kafin a biya kuɗin iyali sai an ga takardar aure da takardun haihuwar yara. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa kan lokaci ba, sai ya nemo wadda za ta maye gurbinta. Takarda ɗaya ta ɓace, tafiya ta zama biyu.

A Amurka ana auna irin wannan nauyi. Dokar rage yawan takardu ta 1980 ta wajabta wa hukumomin tarayya su ƙiyasta awannin da jama'a za su kashe wajen cike takardunsu, su kuma wallafa ƙiyasin domin jin ra'ayi. Har buƙatar neman fashin baƙi daga ma'aikatar ƙwadago kan dokar ERISA ta 1974, mai kare fanshon ma'aikatan kamfanoni, sai an yi mata wannan lissafi.

Idan ba a auna ba, nauyin kan faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi. Mai sana'a ya haƙura da tambaya, ma'aikaci ya yi shekaru ba lamba, sai ranar da injin ya cinye masa yatsa ko ya cika shekara 60 sannan a fara neman takardu.

Ga 'yan ci-rani da ke aiko da jari daga Libiya, Abijan ko Faransa, tambayar kuɗin siminti da haya ba ta wadatar ba. Akwai buƙatar su tambayi wanda suka damƙa wa amana ko ma'aikatan suna da lambar CNSS, kuma ina rasit ɗin zubin da ya gabata.