Wa Ke Bin Wa? Kalmomin Bashi a Ingilishi

Daga cikin kalmomin Ingilishi masu ruɗa mai koyo, akwai waɗanda kuskurensu ba ya wuce dariyar 'yan aji, akwai kuwa waɗanda ke kai mutum gaban alƙali. Irin na biyun su ne kalmomin bashi, watau "lend" da "borrow" da "owe".

Asalin ruɗanin shi ne Bahaushe da Bature ba ta fuska ɗaya suka dubi al'amarin ba. Bahaushe abin da aka bayar yake dubawa. In shi kansa za a mayar, kamar gatari ko jaki ko littafi, sai ya ce aro. In kuwa cinye shi za a yi a mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi, sai ya ce rance. Malaman fiƙihu ma sun yi wannan rabo, wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Amma mai bayarwa da mai karɓa, saiwar kalma guda ce ke ɗauke da su: Zaidu ya ari gatari, Amru ya ara masa, Zaidu ya ranci kuɗi, Amru ya ranta masa. Larabci ma hakanan yake, a'ara da ista'ara gidansu ɗaya.

Bature bai kula da wancan rabo ba ko kaɗan, gatari da naira duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da ya dame shi shi ne hannu. "Lend" ta mai miƙawa ce, in abin ya shige ta koma "lent". "Borrow" ta mai karɓa ce, tushenta kuwa wata tsohuwar kalma ce mai ma'anar lamuni ko jingina, abin da ake nema daga mai cin bashi ke nan. To, yaron da ya tashi da harshen da ya ba shi saiwa ɗaya, sai ya riƙe "borrow" ya ɗora mata kaya biyu. Ta haka "borrow me" ta cika kasuwannin Nijeriya har ta daina zama baƙuwa a kunne. Ba abin kunya ba ne ƙwarai, gama ko a wasu sassan Ingila mutanen gari kan musanya su. A baki ba ta ɓarna, domin hannun da aka miƙa ya riga ya fassara ta.

A takarda ne take cizo. Mutum ya ranta wa maƙwabcinsa naira 50,000, ya sa aka rubuta masa "I borrowed", ya dangwala yatsa. Lalle ya shaida da kansa cewa shi ne ya ci bashin. Ran da gardama ta tashi, shaidu sun warwatse, takardar nan da ya ajiye don ta tsare shi ita za ta fara ba da shaida a kansa.

"Owe" ta fi su duka mugun tarko, don ba a jin motsinta. A Hausa mai haƙƙi ke shiga gaba: Amru yana bin Zaidu. A Ingilishi wanda bashin ke wuyansa shi ke gaba: "Zaid owes Amr". Akawun da ya fassara kalma bi da kalma, ya bar sunaye inda ya tarar da su, ya juyar da bashin dungurungum alhali bai kuskure harafi ko ɗaya ba.

Akwai ƙananan kalmomi biyu masu tona asiri. "Borrow" tana tafiya da "from", watau daga wane; "lend" kuwa, in aka gabatar da kuɗin, da "to" take tafiya, watau ga wane. Wanda ba ya karanta boko, kafin ya dangwala, sai ya kai takardar wurin wani dabam, ba wanda ya rubuta ba. Kada ya faɗa masa labarin tukuna. Ya bari ya karanta, sa'an nan ya tambaye shi: a nan ciki, wa ke bin wa?