Maigida Ya San Inda Aka Dosa, Yaran Gida Fa?

Sau da yawa mukan ji attajiri yana kukan cewa ya tsara wa kamfaninsa hanya mai kyau, amma yaransa sun ƙi bin ta. Haka kuma shugaban ofis yakan rubuta shiri na shekara biyar, a ɗaure shi cikin fayil, alhali masinja da akawu da direba ba su taɓa jin labarinsa ba. Wannan matsala ta shafi mai shago a Gwiwa kamar yadda ta shafi babban sakatare a Dutse, kuma tarihin ƙasarmu da na addininmu duka sun tanadar mana darasi a kanta.

A shekarar 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan Ingila sun sa rai auduga ce za ta cika taragu, domin masaƙunsu na bukatarta. Amma fataken goro na Kano, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, waɗanda suka goge a hanyar Gwanja, sai suka hango cewa ribar tana wajen gyaɗa. Ba su tsaya ga hange kawai ba. Sun aika yaransu ƙauye ƙauye da gishiri da tufafi da kuɗi, suna yi wa manoma bayanin farashi. Manomi kuwa ya auna da hankalinsa: gyaɗa tana son ƙasar jigawa mai rairayi, irin wadda ta yawaita a arewacin Kano har masarautar Kazaure inda Gwiwa take, ga kuɗin haraji za ta samar, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida. Kafin shekarar 1913 ta ƙare gyaɗa ta fi ƙarfin tashar jirgin Kano, audugar Turawa kuwa ta koma baya.

Abin lura a nan shi ne, tun daga attajirin da ke zaure a birni, zuwa yaronsa da ke kasuwar ƙauye, zuwa mai jakin da ke ɗauko buhu, zuwa manomin kansa, kowa ya san abin da ake nema, kowa kuma ya san rabonsa a ciki. A kan wannan turba Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya gina gidansa na ciniki, yana ba yaransa jari suna saye da sunansa a garuruwa masu nisa, har dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Ba wayar tarho ce ta haɗa su ba, amana ce da sanin manufa.

To, ina matsayin addini a wannan? Malaman fiƙihu, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, sun yi bayanin ƙiradi, watau mai dukiya ya ba wani jari ya juya, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. Sun kuma yi bayanin salam, watau a biya kuɗin kaya tun kafin su zo hannu, da sharaɗin a san mudu, a san iri, a san lokaci. Duk hukunce-hukuncen nan abu guda suke karewa: kada a shiga aiki tare alhali wani yana cikin duhu. Wanda ya ɓoye wa yaransa inda aka dosa da abin da za su samu, sa'an nan ya zarge su da rashin himma, to ya fara binciken kansa tukuna.

Darasi mafi girma kuwa yana cikin yaƙin Uhudu, a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin ko an ci nasara ko ba a ci ba. Da suka ga abokan gaba sun juya, sai mafi yawansu suka sauko, suna zaton yaƙi ya ƙare. Nan take Halidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya zagayo da dawakai ta bayan tudun. Musulmi wajen 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Allah Ya yafe wa waɗannan sahabbai, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana, Ya kuma bar mana abin a matsayin izina. Idan har umarni bayyananne daga mafificin shugaba zai gamu da wannan, ina ga shirin da ba a ko gaya wa ma'aikata ba? Gurbi guda da aka bari ya isa ya juya sakamakon runduna duka.

Saboda haka muna jan hankalin masu kamfani da shugabannin ofis ga abubuwa huɗu. Na farko, a faɗi manufa da harshen da mai gadi zai gane, a kuma nuna wa kowa tudun da aka ɗora shi a kai da dalilin ɗora shi. Na biyu, a yi shawara. Ai a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, shawarar Salmanul Farisi ce ta haƙa ganuwa aka bi, Manzon Allah kuwa da kansa ya shiga haƙa tare da jama'a. Na uku, lada ya bi manufa. Attajirin da ke cewa yana son manoma su amince da shi, amma yana yabon yaron da ya fi kowa danne sikeli, ya koya wa yaransa cewa maganarsa ta fatar baki ce. Ga kuma azabar da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye awo alkawari. Na huɗu, a riƙa duba shirin. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Gidajen da suka tsira su ne waɗanda suka sake alƙibla, suka kuma tafi da mutanensu.

Ku kuma ma'aikata da yaran gida, ku sani albashi da kamasho amana ne. Wanda aka sa shi awon riɗi a kasuwar Gwiwa, ko riƙon fayil a sakatariya, yana kan tudunsa ne. Kada ya sauko domin ya hango ganima a wani wuri.

Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, Ya sa albarka a neman halaliyarmu, amin.